Ganyen da Gwaggo Take Bari

Ranar sadakar ukun Gwaggo, takalma sun cika ƙofar ɗakinta har sun gangaro bakin rijiya. Mata sun zo daga Rano, sun zo daga Nariya inda ta daɗe tana koyarwa, har da na Rurum da suka biyo babura cikin caɓin ruwan da aka kwana ana yi. Wata tsohuwa maƙwabciyarta ta tsaya tana neman inda za ta sa ƙafa, ta dubi tarin silifan nan, sai ta ce, "Allah sarki Malama. Da tana nan da tuni ta zaɓi na yanka." Aka yi dariya, a bakin wasu dariyar ta juye kuka. Ni ban yi ko ɗaya ba. Ina raɓe a bayan ƙyaure, na ɗora jakata a cinya na riƙe ta da hannu biyu.

Allah ne ya ba mu aronta, kuma ya karɓi abarsa saura mako biyu Babbar Sallah. Gwaggo yayar mahaifina ce. Ita ta riƙe ni a gidanta na Kibiya tun ina shekara biyar har na gama sakandare. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka ba ta taɓa kama sunana ba, Uwata take ce mini ko da za ta zane ni. Na zauna rubuta wannan ne don kada a manta da ita, kuma don akwai haƙurin da ban ba ta ba tana da rai.

Maganar silifa kuwa, duk wanda ya taɓa shiga gidan ya san ta. Tun tana koyarwa a firamare take sassaƙa hatimi don ta buga wa yara tauraro a littafi idan sun yi ƙoƙari. Da ta yi ritaya sai abin ya zame mata sana'ar da ba a biya. Tsohon silifa take samu ta wanke shi tas, ta yanko inda bai lotse ba, ta zana hoto da biro, sannan ta bi da reza tana ɓantarewa a hankali har hoton ya taso. Sai ta manna shi a guntun katako. Tawada tana cikin soso a wani gwangwanin man shafawa. Ta dangwala, ta danna a kan farin kwalin da ta ninke da bayan cokali, ta ɗan jira, ta ɗaga. Idan ya bushe ta ɗauko alƙaluman kala, irin masu jiƙaƙƙen baki ɗin nan da 'yan makaranta ke ce wa maka, ta cika hoton. Kati ya samu ke nan: na Sallah, na suna, na saukar Alƙur'ani, na sannu da jiki, na fita takaba.

Idan baƙuwa ta zo da silifa mai kauri, Gwaggo ba ta iya sauraron gaisuwa sosai. Bakinta na amsawa, idonta na ƙofa. Can sai ka ji, "Wannan takalmin naki bai kusa tsinkewa ba kuwa?" Ni kaina na taɓa zuwa Islamiyya da wari da wari, saboda ta yanka ɗaya ta ce ta ɗauka na yar ne. Ban yar ba, kuma ta san ban yar ba.

A wajen kala ba ta da wasa. Mai haske ake fara sawa, mai duhu ya biyo baya. A bar tawada ta bushe tukuna. Sama da duka, ba a ƙetare layi. Akwai wata rula ta katako da ta baro makaranta da ita, tana nan kusa da gwiwarta kullum, kuma bayan hannuna ya san ta sarai. "Layin nan ba don ado na yi shi ba, Uwata. In za ki yi, ki yi a ciki." Mace ce mai faɗa, ba zan ɓoye ba don ta mutu. Amma faɗanta ba ya kwana, kuma mai faɗan ce za ta ajiye maka ƙanzon tuwo.

Ana cikin zaman makokin, wata tsohuwar ɗalibarta ta buɗe jaka ta fito da kati. Kamar jira ake yi. Wannan ta zaro nata daga cikin jakar Alƙur'ani, waccan daga ƙullin leda, wata ta aika gida a ɗauko mata. Kafin azahar tabarma ta cika da fitilu da butoci da alluna da furanni, duk bugun silifa. Kowa tana nuna ganyenta tana ba da labarin ranar da ta cika shi.

Sai na bayyana wa wanda bai sani ba. Kowane hatimin Gwaggo akwai ganye a jikinsa, ko da buta ce sai ta sa reshe ya ratsa gefenta. Za ta cika komai da kala, amma ta bar ganye ɗaya fari. Wanda aka aika wa katin shi zai tako da ƙafarsa ya kawo, ya zauna a tabarmarta, ya ci abin da ya tarar, sannan ta miƙa masa koren alƙalami ya cika ganyen tana kallo. "Na yi nawa, saura naka," in ji ta. Babana, wanda ƙaninta ne, ya taɓa cewa, "Yaya, wannan ai sammaci kike aiko wa mutane da sunan gaisuwa."

"To ka amsa sammacin mana, Alhaji," ta ce.

Kuma yana amsawa. Duk Sallah sai ya hau babur daga Rano, babbar riga na kaɗawa, kati a aljihu.

Su biyun sun taɓa ɓatawa a kan wata tantabara. Ta kwana biyu tana sassaƙa ta, ta yi kyau har da layin fiffike. Baba ya gani ya ce hoton mai rai ne, bai kamata mace mai shekarunta ta tara wa kanta wannan ba. Ta ce ita ta yi masa goyo, ba shi zai koya mata addini ba. Ya tashi ya kaɗe riga. Wata guda ba wanda ya nemi wani. Rannan sai ga kati ya iso Rano: tantabara ce, amma an sa reza an cire mata kai, ga ganye fari a ƙarƙashin ƙafarta. A ciki ta rubuta, "Na yanka, sai ka zo ka fige." Baba ya yi dariya har da tari, washegari ya tafi. Daga ranar ba ta sake sassaƙa mai rai ba. Ta karɓi gyaran, amma sai da ta tabbatar ita ta yi maganar ƙarshe.

Cikin masu makoki akwai Bafulatanar da ke kawo mata nono. Ta zauna can gefe, sai da aka lafa ta kwance bakin zane ta fito da nata, ya sha maiƙo har kwalin ya yi ruwan ƙasa. Hoton ƙwarya ne da ludayi. Shekarar da ɗanta ya rasu ta daina shigowa gari, Gwaggo ta ba mai babur katin ta ce ya bi rugage har ya same ta.

"Ni ban iya karatu ba," in ji ta. "Na zo na ce, Malama, me takardar ta ce? Ta ce, cewa ta yi furata ta gaji da jiranki. Ta kama hannuna muka shafa koren nan tare. Ban taɓa riƙe alƙalami ba sai ranar, ban kuma sake ba."

Ta mayar da shi bakin zane ta ƙulle. A lokacin ne maƙwabciyar nan ta waiwayo ta hango ni a bayan ƙyaure. "Ke 'yar Malama, ina naki? Ai ke sai dai a auna da buhu."

Nawa suna cikin jakar da nake riƙe da ita. Guda shida ne, kuma ba ko ɗaya da aka cika ganyensa.

Ga yadda aka yi. Shekara uku da suka wuce aka sa ranar aurena. Ina aiki a Kano lokacin, a wani shagon buga takardu, inda inji ke fitar da katin biki mai ƙyalli kafin ka gama shan ruwa. Na zo Kibiya da ƙawayena biyu da ƙanwar wanda zan aura, don mu tsara anko. Gwaggo ta yi mana dambu, ta yi ta ina-ka-saka da baƙi. Muna cikin ci sai ta jawo gwangwanin hatimanta, na lura babban yatsanta na naɗe da tsumma. Ta fito da kati ɗaya ta ɗora a cinyata.

Hoton ƙofar ɗaki ne a buɗe, reshen lalle ya naɗe ta tun daga ƙasa har sama, ganyaye ƙanana kamar ƙwayar shinkafa. Ban taɓa ganin ta yi aiki mai wuya irinsa ba. Daga baya na ji mako uku ta yi a kansa, silifa huɗu ta ɓata kafin ya fito. A bayanta ga farin kwali an yanka an ninke, tari guda, yana jiran bugu.

"Na gayyatar bikinki ne, Uwata. In ya yi miki, gobe na fara."

Ƙanwar angon ta leƙo, ta ɗan murmusa, ta ce, "Lah, jikokinki ne suka yi?" Ba da mugunta ta faɗa ba, na sani. Amma ƙawayena suka sunkuyar da kai suna danne dariya, ni kuma kunya ta rufe ni, kunyar banza, ta a ce daga gidan da ake yanka silifa na fito. Na ji bakina yana cewa, "Haba Gwaggo, don Allah ki mayar. Wannan ai aikin 'yan firamare ne. Mun riga mun bayar an buga a Kano."

Na zaci rula za ta ɗauko. Da ta ɗauko da na huta. Sai kawai ta karɓi katin, ta shafa shi da yatsan nan mai tsumma, ta ce, "To, Uwata. Allah ya sanya alheri." Ta rufe gwangwani, ta tambayi baƙi ko a ƙaro yaji.

Ta yi mini duk abin da uwa ke yi wa 'ya a biki. Ita ta sa ni a lalle, ita ta yi mini faɗan zaman aure, ita ta riƙe hannuna har bakin mota. Ba ta tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Na ce sai hayaniya ta lafa zan zo na durƙusa.

Da Babbar Sallah ta zo, wani direba maƙwabcinta da ke jigilar Rano zuwa Kano ya kawo mini ambulan har wurin aiki. Na buɗe. Ƙofar nan ce da reshen lalle, hatimin da na ƙi, an cika kowane ganye da kore ban da ɗaya. Na ce shi ke nan, gori take yi mini. Tana so na ɗauko abin da na raina da hannuna, na kawo shi gabanta na zauna. Na san na cancanci haka, kuma abin da ya hana ni zuwa ke nan. Na tura katin ƙasan akwati na ce sai Ƙaramar Sallah. Ƙaramar Sallah ta zo da wani katin, ƙofar dai ce. Yanzu laifin ya zama biyu, zuwan ya ƙara nauyi.

Haka muka yi shekara uku. Kada wani ya ɗauka gaba muke yi. Ina kiran ta a waya, ina aika mata atamfa da turare. In mun haɗu a suna ko biki ina durƙusawa cikin jama'a na gaishe ta, na sulale kafin a watse. Ina zuwa Rano wajen Baba, Kibiya na nan kusa, sai na ce yamma ta yi, ko hadari ya taso. Direban nan duk ya kawo ambulan sai ya ce, "Malama ta ce ki duba ganye." Na ce in sha Allahu. A waya kuwa magana ɗaya take yi mini idan za mu yi sallama: "Muryarki ta iso, Uwata. Ke muke jira." Na iya ƙirƙiro uzuri, Allah ya sani, na ƙware.

Da aka ce ba ta da lafiya, hannunta na rawa, ƙafa ta kumbura, na tambaya aka ce da sauƙi. Na ɗauko katunan shida na sa a jaka, na ce wannan Sallar kam ba fashi, zan kai su gaba ɗaya ta yi mini duk faɗan da za ta yi. Saura mako biyu ne kawai. Ranar Talata da safe Baba ya kira ni. Kafin motarmu ta iso, maza sun dawo daga maƙabarta, ƙafafunsu duk jar laka. Na ji ana cewa Baba ya tsaya a gaban jama'a ya roƙa mata gafarar duk wanda ta ɓata wa, kowa ya ce ya yafe. Na tsaya a zaure ina tunanin ni wa zai roƙa mini tata.

To, shi ne maƙwabciya ta ce ina nawa. Ƙarya ta ƙare mini. Na zuge jaka na jera su a tabarma, shida, kowanne da farin ganyensa. Ba wadda ta zage ni, kuma da sun zaga da ya fi mini sauƙi. Tsohuwar ɗalibar nan ce ta ɗauki ɗaya ta juya shi, ta ce, "Wannan hoton ban taɓa ganin irinsa ba." Aka miƙa shi hannu zuwa hannu. Ba wadda ta taɓa samun mai ƙofa.

Bayan la'asar, da mutane suka ragu, matar ɗanta ta yafito ni. Ita ta yi jinyarta, Anti nake ce mata. Muka shiga ƙuryar ɗaki, ta jawo gwangwanin daga ƙarƙashin gado. Warin tawada da roba ya bugi hancina, sai na ji kamar yanzu za a ce na gyara zama. Hatimin ƙofar yana naɗe shi kaɗai a cikin tsumma.

"Sau biyu a shekara take fito da shi," in ji Anti. "Na taɓa roƙonta ta buga wa ƙanwata da za ta yi aure, ta hana. Ta ce na Uwata ne, ita na yi wa."

Na ce, "Anti, ba gori take yi mini da shi ba?"

Ta dube ni kamar na yi wani yare. "Gorin me? Cewa take ƙofa ce a buɗe, in kin gani kin san ba a rufe ba. Kullum aka kai sai ta ce a share ɗakinki."

Ta laluba ƙasan gwangwanin ta fito da koren alƙalami, an ɗaura masa jan zare a wuya. Sabo ta saya shekarar bikina ta ajiye mini, ko jikokinta ba ta bari su taɓa. Na cire murfin, na ɗora a kan ganyen katin farko. Ba abin da ya fito. Na danna, na sake dannawa, sai ƙarar busasshen baki a kan kwali. Ya bushe tun ban san yaushe ba. A nan kukan da na kwana uku ina nema ya zo, na kifa kaina a gefen gadonta na yi shi mai isata.

Anti ta bar ni sai da na lafa. Sannan ta ɗaga matashin kai ta zaro ambulan. "Ga na wannan Sallar. Ta ce kada a ba direba, a hannunki zan sa."

Ƙofar ce dai da reshen lalle. Na nemi farin ganyen na rasa. An cika shi.

"Ranar Lahadi ta sa na tashe ta zaune," in ji Anti. "Na ce ta kawo na yi mata, ta ƙi. Da na ga ta nufi ganyen ƙarshe na ce, Inna, kin manta, wannan ai nata ne. Ta ce, ban manta ba. Yarinyar nan kunya ce ta ɗaure mata ƙafa, ni kuma ba zan ga Sallah ba. In na bar shi fari, da shi za ta zauna har ta tsufa. Ki ce mata na cika mata."

A ciki layi ɗaya ne, rubutun ya karkace: "Barka da Sallah, Uwata."

Ya Allah, ga baiwarka nan ta zo maka. Ta yi wa 'ya'yan mutane tarbiyya, ta bi marasa lafiya da masu takaba da gaisuwa, ta yafe wa wadda ba ta ma iya zuwa ta roƙa ba. Ka yafe mata fiye da yadda ta yafe, ka yalwata mata makwanci, ka buɗe mata ƙofar da ba a rufewa.

Mijina ya sayo mini sabon koren alƙalami ya ce na cika shidan nan ko zuciyata ta huta. Ban cika ba, ba a tabarmarta nake ba. Na bakwan yana jingine a kan madubina, kullum da safe sai na dube shi. Koren ya fita layi ta wuri uku. Da ni na yi shi haka, da na sha rula.